Hot Dog da Mahaɗansa

   In kin ɗora sanwa ki rage wuta, ki jawo kujera kusa da rediyo, domin yau tafiya ce mai nisa za mu yi, har Amurka, kuma ba sai kin nemi izinin fita ba.

Abin da ya jawo maganar yau saƙo ne daga wata baiwar Allah da ta ce a sakaya sunanta. Ta ce ɗanta ɗan aji huɗu ya dawo daga walimar gidan abokinsa yana ta santi, wai an ba su wani abu mai suna hot dog. Yayarsa da ke sakandare ta kwashe da dariya, ta ce, "Umma, kin san fassararsa kuwa? Kare mai zafi." Ta ce gabanta ya faɗi, ta kama yaron ta sa shi kurkure baki har sau bakwai, kuma har yau hankalinta bai kwanta ba. Tambayarta biyu ce: mene ne wannan abu, kuma mene ne jan abin nan da rawayan abin nan da yaron ya ce an tsiyaya a kai?

To 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, babu naman kare a ciki. Amma tsoron naki ba a banza yake ba, akwai wani abin dubawa daban, za mu zo kansa in sha Allahu kafin mu rabu.

Shi dai hot dog abu biyu ne aka haɗa. Na farko sosej, wato nama ne ake niƙawa lukui kamar ƙullun alale, a sa gishiri da tafarnuwa da kayan ƙamshi, a ɗura shi dogo-dogo, tsawonsa kamar taƙi guda, a dafa ko a yi masa hayaƙi. Na biyu ɗan dogon burodi mai laushi da ake tsagawa a kwance, a kwantar da sosej ɗin a ciki. Shi ke nan fa. Wadda ta taɓa cin shawarma ta ci karo da wani jan abu mai santsi a tsakiya, ko ta ga an yayyanka shi a soyayyar shinkafar biki, to ta riga ta san sosej.

Asalinsa daga ƙasar Jamus ne da maƙwabciyarta Ostiriya. Har yau a Amurka ana kiransa da sunan biranen da ya fito, Frankfurt da Vienna. Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19 su suka tafi da shi. Wajen shekarar 1870 wani Bajamushe mai suna Charles Feltman ya shahara da sayar da shi cikin burodi a Coney Island, wani wurin shaƙatawa a bakin teku a birnin Niyok. Yaron shagonsa, Nathan Handwerker, Bayahude daga Folan, ya buɗe nasa a 1916, ya karya farashi: shagon Feltman na sayarwa santi 10, shi yana ba da shi santi 5. Sunan kare kuwa daga tsokana ya samo asali. Mutane suna zolayar masu sosej cewa wa ya san abin da suka niƙa a ciki, ƙila ma kare ne. Tun shekarun 1890 sunan ya shiga jaridu, ya bi shi har yau. Kin san halin laƙabi, in ya kama mutum ko a takardar ɗaurin aurensa sai an kira shi da shi.

Abincin talaka ne, na ɗan dako da mai kallon ƙwallo, amma ya shiga gidan manya. A watan Yunin 1939 Shugaba Franklin Roosevelt ya karɓi baƙuncin Sarkin Ingila George na Shida, mahaifin Sarauniya Elizabeth wadda ta zo Kaduna da Kano a 1956. Da ya kai shi gidansa na Hyde Park, hot dog na cikin abin da aka kawo, jaridu kuma suka buga cewa Sarki ya nemi ƙari.

Yanzu ga inda maganar take. Shi sosej ɗin nan da burodinsa kusan iri ɗaya ne ko'ina, kamar dai tuwo. Tuwon shinkafar gidanki da na maƙwabciyarki ba su da wani bambanci, miya ce ke nuna hannun mace. To haka hot dog yake. Mahaɗin da aka zuba a kai shi ke gaya miki garin da mutum ya fito, wani lokaci har da ƙabilar kakanninsa. Kuma Amurkawa na rigima a kan wannan mahaɗi kamar yadda ba kya tsammani.

Uban mahaɗan duka shi ne rawayan abin da yaron ya gani, sunansa mastad. Larabawa na ce masa hardal. Wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi ne, ba su kai gero girma ba, ake niƙawa da khal da gishiri da ruwa. Yajinsa ba irin na barkono ba ne da ke kama harshe ya daɗe. Shi hanci yake bi, ya tsarga miki har ƙwalla, nan da nan kuma ya wuce. Jamusawa da shi suke cin sosej tun asali, don tsaminsa da yajinsa na yanke maiƙon nama, kamar yadda kike matsa lemon tsami a kan soyayyen kifi. Iri biyu ne suka fi yawo. Akwai ruwan ƙasa mai ƙarfi, akwai kuma rawaya mai sauƙi wanda kamfanin French's ya fito da shi a 1904. Kin san abin da ke ba shi wannan launi? Kurkum ne, wanda ke cikin kwandon kayan ƙamshinki yanzu haka, wanda amare ke haɗa dilka da shi.

A Niyok, a 'yan kekunan tura-tura ake sayar da hot dog a bakin titi, sosej na jiƙe cikin ruwan zafi. Mahaɗinsu uku ne: mastad mai ruwan ƙasa, da albasar da aka dafa cikin tumatir har ta yi laushi ta yi ɗan zaƙi, sai kabeji mai tsami. Wannan kabejin shi ma na Jamusawa ne. Yanka shi ake yi siri-siri, a murza da gishiri, a danna cikin tulu a rufe, a bar shi makonni har ya yi tsami da kansa. In kin ji haka kada ki yatsina fuska, mu da muke rufe kalwa kwana uku ta zama daddawa ba mu da bakin magana. Dabarar mutanen ƙasar sanyi ce, don su sami ganye a watannin da ƙanƙara ta rufe gona. Da yawa daga masu tura kekunan nan baƙi ne daga Masar da Bangaladash. Akwai ma wasu Misirawa da suka fara da keken hot dog a 1990, daga baya suka koma shinkafa da kaza saboda direbobin tasi Musulmi, sana'ar ta bunƙasa da sunan The Halal Guys.

Amma in ana maganar mahaɗi, Shikago ce uwa. Nasu abu bakwai ne, kuma a ƙirge suke kamar kayan lefe, in ɗaya ya ɓace sai an yi cigiya. Bari in jero miki yadda ake ɗora su. Ana turara burodin ya yi laushi, burodin kuma an barbaɗa masa wasu baƙaƙen ƙwayoyi da suka fi riɗi ƙanƙanta. A kwantar da sosej na zallan naman shanu. A tsiyaya mastad rawaya. A zuba wani haɗin yankakkiyar kokwamba da aka jiƙa da khal da sukari, launinsa kore shar kamar an rina. A watsa ɗanyar albasa fara. A soke yankan tumatir biyu a gefe ɗaya. A ɗaya gefen a kwantar da dogon yanki na kokwamba mai tsami. A ɗora 'yan ƙananan barkono biyu da aka jiƙa a khal. Daga ƙarshe a barbaɗa gishirin da aka daka da irin ganyen seleri. Su da kansu suna cewa an ja shi ta cikin lambu.

Ki tsaya ki dubi hikimar haɗin, uwargida, don ba hauka aka yi ba. Nama mai gishiri da maiƙo ne a tsakiya. Tsami na yanke maiƙon, zaƙi na tare gishirin, ɗanyen tumatir na sanyaya baki, albasa da kokwamba na ba haƙori aiki tunda burodin da naman duk laushi gare su, barkono kuma na tayar da komai. Duk loma ɗaya sai kin ji zafi da sanyi, laushi da garas-garas. Wannan shi ne abin da mai kwaɗon zogale ke nema in tana daidaita ƙuli da albasa da tumatir da lemon tsami.

Masu tarihin abinci na danganta wannan tulin ganye da shekarun karayar arziki da suka fara a 1929, lokacin da miliyoyin Amurkawa suka rasa aiki. Nama ya yi tsada, kayan lambu na da araha, sai masu sayarwa suka riƙa jibga ganye a kan sosej guda don magidanci ya ba da santi 5 ya ji ya ci abinci. Abin da yunwa ta koyar, yau shi ne abin alfaharin gari. Wace ce a cikinmu ba ta san wannan ba? Ranar da cefane ya gaza, naman naira kaɗan ne ake yi wa rakiya da alayyafo da kabewa har ya zagaye gida. Zallan naman shanun kuwa daga Yahudawan da suka zo daga Turai ne, tunda su ma ba sa cin alade. Kamfanin Vienna Beef da ya fi suna a garin, wasu baƙi biyu daga daular Ostiriya da Hangari ne suka fara shi, bayan sun sayar da sosej a babban bajekolin duniya da aka yi a Shikago a 1893.

Kin lura ban ambaci jan abin nan ba? To nan rigimar take. Sunansa kecaf, tumatir ne da aka dafa da sukari da khal da gishiri har ya yi kauri. A Shikago zuba shi a kan hot dog abin kunya ne. Akwai shagunan da ba sa ajiye shi sam, akwai waɗanda za su nuna miki kwalbar can gefe su ce ki zuba da hannunki, su ba ruwansu. A 2016 an tambayi Shugaba Barack Obama, wanda ya daɗe yana zaune a Shikago, ko ya dace a sa kecaf a hot dog. Ya ce a'a, in dai mutum ya wuce shekara 8. Akwai ma wata majalisa ta masu sana'ar hot dog da sosej a Amurka da ta fitar da ladubban cinsa, rabi wasa rabi gaske, ta ce wanda ya haura 18 ya bar kecaf. Ikon Allah! Mutane da jiragen sama da makaman ƙare dangi, ga abin da suke musu a kai.

Ko da yake, in mun yi musu dariya mu ma a yi mana. Ki ajiye waina gaban mutum biyu, ɗaya ya barbaɗa sukari, ɗaya ya jawo miyar taushe, ki ji yadda kowa zai ce ɗan'uwansa bai iya ci ba. Ni dai a wannan musun ina bayan mutanen Shikago, kuma ina da dalili. Zaƙin kecaf danne komai yake yi. In ya hau abinci, ba kya jin nama, ba kya jin albasa, shi kaɗai kike ji. Cokalin cin abinci ɗaya na kecaf na ɗauke da sukari kusan cokalin shayi guda. Shi ya sa yara ke mutuwar sonsa, kuma yaron da ya saba da shi sai ya fara raina miyar uwarsa. Na gani a gidana. Ƙaramar 'yata ta taɓa neman a zuba mata shi a kan ɗanwake, ranar na ɗauke kwalbar na ɓoye a bayan buhun masara. Wani abin mamaki kuma, asalin sunan daga kudancin Sin ne, kuma can miyar kifi ce mai gishiri, babu tumatir a cikinta ko ɗaya. 'Yan kasuwar Ingila suka ɗauko sunan, ya yi ta sauya kama, har kamfanin Heinz ya fara sayar da na tumatir a 1876.

Daga Shikago in an yi gabas kaɗan sai Detroit, garin ƙera motoci. Can Girkawa da mutanen Masedoniya ne suka kama sana'ar, suka zo da nasu hannun: miyar niƙaƙƙen nama mai kauri da kayan ƙamshi, wadda bisa al'ada har da zuciyar sa ake niƙawa a ciki, a malala a kan sosej, a sa mastad da ɗanyar albasa. Nama a kan nama ke nan, abincin ma'aikacin masana'anta da ke da 'yan mintoci ya ci ya koma. Akwai shaguna biyu a tsakiyar garin, American Coney Island da Lafayette Coney Island, bango ɗaya ya raba su, kuma wa da ƙane 'yan gidan Keros daga Girka ne suka kafa su. Mutanen gari sun rabu biyu, mai cin na wannan ba ya taka ƙofar wancan. Zaman kishiyoyi sak, ɗaki na kallon ɗaki, kowa da 'yan bayanta.

A jihohin kudu kuwa, irin su Karolina, da kuma Bajiniya ta Yamma, haɗin kabeji da bama suke ɗorawa, irin wanda muke ci da shinkafa ranar suna. A Seattle cuku mai laushi suke shafa wa burodin, su zuba soyayyar albasa.

Da hot dog ya tsallaka iyaka, kowa ya yi masa wankan garinsu. A ƙasar Chile ta Kudancin Amurka ana murje fiya, a haɗa da tumatir da bama mai yawa, su kira shi ɗan Italiya don kore da fari da ja launin tutar Italiya ne. A Burazil har dafaffen dankalin Turawa da aka murje suke sawa, da masara, da soyayyen dankali siri-siri kamar ashana, sai kin riƙe da hannu biyu. A Denmak albasa ake soyawa ta yi ƙarau, a haɗa da yankan kokwamba mai tsami. A jihar Sonora ta Meziko da kudancin Arizona ana zuba wake da tumatir da bama da koren barkono, amma kafin nan ana naɗe sosej ɗin da siririn yankan naman alade. Wannan ya kawo mu inda na ce za mu zo.

'Yar'uwa mai saƙo, abin dubawa a hot dog alade ne. Sosej ɗin Frankfurt na asali da naman alade ake yin sa, na Vienna kuma gaurayen alade da shanu ne, kuma har yau da yawa daga waɗanda ake yi a Turai da Amurka haka suke. Da an niƙa nama an sa masa launi da hayaƙi, ido ba ya rabewa, hanci ma ba ya rabewa. Takardar jikin ledar ce kaɗai shaida. Tunda yawancinmu ba mu muke zuwa kanti ba, ki roƙi maigida ko wanda aka aika ya kawo shi cikin ledarsa, kada a juye. In ba kya karanta boko, ki kira ɗan makaranta ya duba miki jerin kayan haɗin da ke baya da ƙananan haruffa. In ya ga kalmar pork, ko bacon, ko ham, ko lard, duk alade ne. 'Yan'uwanmu na Nijar da kayansu ke zuwa da Faransanci, ku nemi porc, ko jambon, ko lardons. Kada a tsaya ga hoton kaza da ke gaba. Wani sosej ɗin a cikin hanji ake ɗura shi, hanjin kuma yana iya zama na tunkiya, yana iya zama na alade, ko da naman ciki na kaza ne. Ki nemi mai tambarin halal. Wanda aka rubuta masa zallan naman shanu ya kuɓuta daga alade, amma rubutun bai gaya miki yadda aka yanka san ba, wannan kuma sai a tambayi malamai. Mai shawarma ma a tambaye shi wane iri yake sawa, in ya kasa nuna leda a ce ya yi ba sosej.

Kuma kada ki ji kunyar tsoratar da kika yi da sunan. A 2016 hukumar da ke ba da shaidar halal a Malesiya ta nemi wani kamfanin abinci ya cire kalmar kare daga sunan wani sosej ɗinsa, don kada ta rikita mutane. Kin ga ƙasa guda ma ta tsaya inda kika tsaya.

Saura abu uku da ba zan yafe wa kaina ba in na rufe shirin nan ban faɗa ba. Na farko, yara ƙanana. Kaurin sosej daidai yake da maƙogwaron yaro, ga santsi ga laushi, in ya maƙale toshewa yake yi kamar murfin kwalba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2010. Yaron da bai kai shekara 4 ba, kada a miƙa masa guda, kada kuma a yanka masa zagaye-zagaye kamar kwabo, wannan yankan ya fi haɗari. A tsaga shi a tsaye gida huɗu tukuna, sannan a yayyanka ƙanana, kuma ya ci a zaune kina kallonsa.

Na biyu, masu juna biyu. Ko an rubuta cewa dafaffe ne, kada ki ci shi da sanyinsa. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna listeriya da sanyin firji ba ya hana ta yaɗuwa, tana iya jawo ɓari ko ta kama jariri. A Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018 ta kama mutum fiye da 1,000, fiye da 200 suka rasu, da yawansu jarirai, kuma an gano tushenta a wani sarrafaffen nama dangin sosej. Maganin abin mai sauƙi ne: a dafa ko a soya har tururi ya fito daga cikinsa. Ga kuma halin wutarmu. Ledar da ta narke ta sake daskarewa ta sake narkewa, in kin ji ta da yauƙi ko ɗan wari, ki zubar, asarar kuɗi ta fi ta rai sauƙi. Haɗin da aka sa wa bama shi ma kada ya wuce awa biyu a waje, in lokacin bazara ne awa ɗaya.

Na uku, kada ya zama abincin kullum. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanji, ta ce cin giram 50 kowace rana, wato kusan sosej guda, na ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin 100. Ga gishiri mai yawa, masu hawan jini sai a kula. Na marmari ne, ranar Sallah ko ranar da yara suka kawo sakamako mai kyau.

To in za ki yi a gida, me za ki zuba? Kada ki tayar wa maigida da hankali da neman kwalaben kanti. Bakanuwar da ta san gurasa bandashe ta riga ta san aikin nan: abu mai laushi a ƙasa, ƙuli da mai da yaji da albasa da tumatir da kabeji a sama. Ga yadda ni nake yi. Tun da safe nakan yanka kokwamba biyu siri-siri, in zuba khal rabin kofi, ruwa rabin kofi, sukari cokali ɗaya, gishiri ƙaramin cokali, in rufe in ajiye awa biyu ko uku. In babu khal, lemon tsami ya wadatar. Sai in yanka manyan albasa uku, in sa a mai kaɗan a wuta marar ƙarfi, in yi ta juyawa har ta yi laushi ta fara ja, in zuba markaɗen tumatir cokali biyu da attaruhu ɗaya da ɗan gishiri, in bari ruwan ya tsotse. Wannan ita ce albasar mutanen Niyok, sai dai tawa ta fi tasu yaji. Burodin a ɗan gasa cikinsa a kasko, don kada ya jiƙe ya dagargaje a hannu. Mai ruwa-ruwa a fara zubawa a kan naman, busasshe ya zo ƙarshe. Na ƙarshen nan kuwa a gidana yajin ƙuli ne, irin na mai tsire. Na gwada shi da mastad, sun zauna lafiya ƙwarai. Na gwada yajin daddawa, wannan kam ba su jitu ba, kowa na son ya zama maigida.

Wadda kuma zuciyarta ba ta kwanta da na kanti ba, ga hanya. Ki aika a niƙo miki jan nama rabin kilo da ɗan kitse, ki haɗa da dakakkiyar tafarnuwa da citta da masoro da gishiri, ki fasa ƙwai ɗaya, ki cuɗa sosai har ya yi danƙo. Ki shafa mai a hannu ki mulmula dogo-dogo daidai tsawon burodin, ki turara minti 15, sannan ki soya sama-sama ya yi ja. Ba zai yi santsin na kanti ba, amma kin san mahaucin, kin san abin da ke ciki, kuma maigida zai ci ba tare da ya juya leda yana neman tabarau ba. Masu sana'ar cikin gida ma ku duba wannan, yaran makaranta kasuwa ne, sai dai ku bar bama a gefe in kayan za su daɗe a rana.

Mai kula da na'ura yana ta nuna mini agogo ta gilashi. 'Yar'uwa mai saƙo, rawayan mastad ne, jan kecaf ne, kuma ki aika gidan da aka yi walimar cikin mutunci a tambayo wane irin sosej suka saya. A gaishe da yaron, a ce masa kurkurar ta isa haka. Wadda ta gwada haɗin albasar nan ta aiko mana da yadda ta kaya. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a sauke sanwa lafiya. Wassalamu alaikum.